Iskar da Ba Ta Mutuwa Sai a Gonar Eusebio

Griselda, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, ruwan farko bayan dogon fari,

Ina gaishe ki da zuciyar da ba ta san kowa ba sai ke, ko da yake kwanan nan wasiwasi ya samu wurin zama a cikinta, har ya miƙe ƙafa.

Kin tuna ranar da kika fara tashi ke kaɗai a jirgi marar inji? Ni na riƙe miki bakin fiffike, na yi gudu da shi har ya kuɓuce mini, jirgi mai inji ya ja naki da igiya zuwa sama. Da kika saki igiyar, na tsaya baki buɗe ina kallon ki kina kewayawa tare da shirwa a ƙarƙashin gajimare. Da kika sauko, 'yan kulob ɗinku na matuƙa suka jefa ki cikin taɓo kamar yadda ake yi wa kowane sabon matuƙi, kika taso kika rungume ni, kika ɓata mini farar riga. Har yau ban wanke ta ba.

Ni ban iya tashi ba, kin sani, ko tsani tsoron hawansa nake. Aikina jan tirela. Jirgi marar inji, in iska mai ɗumin da ke ɗaga shi ta ƙare masa, inda ya samu fili nan yake sauka, kuma malaminku Don Fermín kullum yana cewa ba abin kunya ba ne. Na yarda. Shi ya sa duk Asabar nake zaune a bakin rumfar jirage da waya a hannu, in kin kira in je in ɗauko ki, mu kwance fukafukai mu dawo.

Amma gaya mini, hasken gidana, wace irin iska ce wannan da ba ta mutuwa sai a kan gonar Eusebio Ledesma? Daga nan har bakin kogi gonaki ne shimfiɗe kamar tabarma, duk ba su yi mata ba? Karon farko na ce ƙaddara. Na biyu na ce tsautsayi, har na gode wa tuzurun da ya kula da ke. Na uku fa? Na iso na tarar an yanke ciyawa doguwar hanya, daidai faɗin fukafukanki. An janye shanu. An cire wayar shinge a ƙarshen filin. Ciyawar ma ta bushe, Griselda, ba yankan ranar ba ne. Wa ya gaya masa iska za ta mutu ranar Asabar?

Na same ku a inuwa kuna shan mate, shayin ganyen nan namu, ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya. Wannan ba komai, da kowa ake sha. Sai dai da ya miƙo mini, na ji sukari da ɓawon lemo. Manomi ɗaci yake sha. Duk lardin nan ke kaɗai na sani mai shan sa da sukari da ɓawon lemo, kuma ruwa ba ya tsami banza. A kulob yanzu sunana direban Eusebio. Ina taya su dariya, amma abin yana ci mini rai. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kuma ina tsoron rasa ki.

To ga abin da na yi. Filin mahaifiyata na bayan gari, wanda kike bi ta kansa kafin ki kai gonarsa, na yanke ciyawarsa da hannuna. Na cike ramuka, na kwashe duwatsu, na ɗaura rigar nan mai taɓo a kan sanda domin ki ga inda iska ke kaɗawa. Sukari da ɓawon lemo suna nan. Asabar ba zan zauna a kulob ba. A can zan tsaya, ina kallon sama.

In kika sauka a wurina, ba zan ƙara tambayar ki komai ba har abada. In kika wuce ta kaina, ki kira ni kamar kullum. Zan zo da tirela, zan kwance fukafukan, zan mayar wa kulob jirginsu. Ke kuwa ba sai kin taso daga inuwar ba.

Naki, wanda ko kin wuce ba zai daina ɗaga kai ba,

Anselmo