Inna, Motar Baba Ta Hau Titi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, albishir na kawo miki. Motar Baba ta hau titi, da takardunta cif.

Kin tuna shekarun da ta yi a gindin mangwaron gidanmu na Gummi bayan rasuwarsa, har kaji suna ƙwai a kujerar baya. Duk dillalin da ya zo taya ta, ki ba shi ruwa ya sha, ki sallame shi. Kina cewa, "Motar ga ba ta mutu ba, hutawa takai."

Bayan kin bar mu, matan ƙungiyarku ta masu gyaran shinkafa suka shiga neman motar da za ta riƙa kai musu kaya kasuwannin Bukkuyum da Anka. Aminiyarki Gwaggo Asabe, wadda ke shugabantarsu, ta ce ni ta fara tunawa. Sharaɗinsu ɗaya ne: sai mota mai cikakkiyar inshora, wadda in an yi haɗari za a biya motar da kayan da ta ɗauko, ba 'yar takardar da ake miƙa wa jami'an hanya ba.

Na tafi Gusau da ƙwarin gwiwata, Inna. A lissafina, tsohuwar mota ai inshorarta araha ce. Da ma'aikacin kamfanin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya faɗi kuɗin, sai da na sake tambayarsa. Ya zarce abin da ƙanenki Kawu Bello yake biya, alhali motarsa ta fi tamu sabunta nesa ba kusa ba.

Har yau ina jin muryarsa. "Samari, abu biyu ne suka haɗe maka. Lasisinka bai shekara ba, kuma sabon hannu ya fi saurin karo. Ga motarka ta girme ka. Birkinta irin na da ne, ba ta da jakar iskar nan mai tare ƙirjin direba, kuma in wani ƙarfe ya karye sai an yi cigiya har Kano. Ai da kyar ma muke karɓar irinta." Na ce to ina mafita? Ya ce in gyara ta sosai, in kawo shaidar masu duba motoci, in yi shekara ina tuƙi da ƙaramar inshora ba tare da na goge ko bango ba, sannan in dawo.

Da na dawo gida, Kawu ya ce abin mai sauƙi ne, a rubuta sunansa a matsayin mai tuƙin. Inna, ba zan ɓoye miki ba, kwana uku ina jujjuya maganar a raina. Sai na tuna ranar da kika buge mini hannu a kasuwa, don na ɗora tsala-tsalan ƙwayoyin shinkafa a saman tiya na ɓoye tsaki a ƙasa. Kika juye ta gaban mai saye, kika ce in sake awo. Kuma da na yarda, ranar da tsautsayi ya faɗa kamfani ya gano ƙaryar, shinkafar matan nan ce za ta tafi a banza. Na ba Kawu haƙuri. Ya yi wata guda yana amsa gaisuwata sama-sama.

Shekarar nan na sha wuya. Da safe ina fadama, da yamma ina ƙarƙashin mota a garejin Malam Ɗanjuma. Muka sauya birki, da tayoyi, da fitilu, ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta jigilar albasa da busasshen kifi. Abokaina suka laƙaba mini Alhaji Sannu, saboda ko mai babur wuce ni yake yi. Wata rana a hanyar Bukkuyum garken shanu ya faɗo titi ba zato. Na taka birki, ta tsaya cak, hancinta dab da wani ɗan maraƙi. Mai shanun ya ɗaga mini sanda yana godiya.

Makon jiya na koma Gusau. Dattijon nan ya fito da kansa, ya zagaya motar, ya shiga ya taka birkin, ya karanta takarduna. Ya rage kuɗin, Inna! Bai kai na Kawu sauƙi ba tukuna, amma hannuna ya kai. Sunana ne a kan takardar, Sanusi, ba na kowa ba.

Jiya muka yi lodin farko zuwa Anka. Gwaggo Asabe ta zauna a gaba, matan suka rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai ga Kawu. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Taurin kan yayata ka ɗauko." Ya goge ido da hannun riga, ya bi mu har gidan mai, ya cika mini tanki.

Inna, na so a ce kin gani. Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna Firdausi, ya tsare ni da kayan mutane a kan hanya.

Ɗanki mai kewarki kullum,
Sanusi