Kada a Ba Goggo Ruwa a Kwance

Alƙahira, ran Laraba.

Hamma Mubashshir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da Adda Habibat. Yaya damina a Kolere, hanya tana biyuwa kuwa? Ni lafiya lau, karatun jinya yana tafiya. Abinci ne ba ya shiga sosai, amma ba komai.

Na ji Goggo ta sami shanyewar ɓarin jiki irin ta marigayi Baba. Allah Ya ba ta lafiya.

Makon jiya aka koya mana wata kalma, deglutition. Haɗiya ce kawai, sai dai a takardar mara lafiya likitoci suke rubuta ta, ba a jin ta a hira. Malamarmu ta ce in jiki ya shanye, maƙogwaro ma yakan shanye. Sai ruwa ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, mutum ya yi ta tari, daga baya zazzaɓi ya rufe shi. Na rubuta duka a littafina.

Don Allah ku kai Goggo likita ya duba haɗiyarta. Ku zaunar da ita kafin a ba ta komai. A dama mata kunu mai kauri, cokali ɗaya-ɗaya, a jira ta haɗiye. Ko rubutu ne, kada a ɗura mata a kwance.

Ka tuna tarin Baba da muka ce sanyin damina ne? Ni nake ba shi ruwa da cokali yana kwance, kuna sa mini albarka. Na san kwana ne ya ƙare. Amma kada ka karanta wa Inna wannan layin.

Ƙanwarka,
Juwairiya