'Yata Ta Wasa wa Hedimasta Wuƙa

Malama mai shawara, don girman Allah ki cece ni daga hannun 'yata.

Ni tsohon akawu ne. Na yi boko tun ana tsoma alƙalami a tawada, yanzu kuwa sai da sanda nake kai wa bakin ƙofa. Tun da mai ɗakina ta rasu, abokan hirata kaji ne. Akwai zakara, ina ce masa Hedimasta saboda taƙama da tashin mutane ba sallama. Akwai Uwar Gulma, wadda ba ta yin ƙwai sai unguwa ta ji. Akurkinsu yana jikin tagata. Ƙa'idar gidanmu ɗaya ce: abin da na ci, sun ci.

To, magani ma ai ci ne. Duk sanda aka ba ni kafso na tari, ina jin sauƙi sai in fasa ragowar a kaskon ruwansu. Su ma ba su da rowa. Da cikina ya ɓaci bara, na ɗanɗana garin maganinsu, kuma ban yi cara ba.

Yanzu ga gyambo a ƙaurina ya ƙi warkewa. An canza mini magani, an sake canzawa. Malamar asibiti ta yi gwaji, ta ce wai ƙwayoyin cutar sun daina jin maganin. Da na ba ta labarin adalcin da nake yi, sai ta ajiye biro ta kira 'yata. Ita kuwa ta zo ta kwashe kafso ɗina kaf, ta ce in koma gidanta da ke bene, kaji kuma sabo da su ba ya hana yanka. Yarinyar da na koya wa ɗaura takalmi! Ya zan yi in hana ta? In aka yanka Hedimasta, wa zan yi wa faɗa da safe?

Tsoho Mai Kaji

Baba, Allah ya ƙara girma.

Adalcinka ya burge ni, amma ƙwayoyin cuta ka yi wa. Maganin da aka sha rabi yana kashe raunana ne, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Wanda ka zuba a kasko kuwa makaranta ka buɗe musu a cikin kaji, Hedimasta na shugabanta. Irin waɗannan ƙwayoyin suna iya biyo kashin kaji da hannun da ba a wanke ba su iso ga mutum. Ban ce lallai daga akurki gyambonka ya samo taurin kai ba, amma ƙofar a buɗe take.

'Yarka ta yi gaskiya a kan magani, ta yi gaggawa a kan wuƙa. Tsoro ne ya kama ta, Baba. Ta rasa uwa, ga ƙafar uba tana ruwa.

Ka je mata da sulhu. Magani ya zauna a hannunta, ka sha yadda likita ya ce, ko ƙwaya ɗaya ba ta kaji ba ce. Likitan dabbobi ya duba su, ya faɗa maka yaushe ƙwansu zai ciwu. A matsar da akurki ƙarshen tsakar gida. Ka rufe ciwon kafin ka shiga wurinsu, ka wanke hannu da sabulu in ka fito. In likita ya ce a kwantar da kai, ka kwanta, maƙwabci ya watsa hatsi.

Ke kuma 'yar Baba, na san za a nuna miki shafin nan. Mayar da wuƙar nan kicin. Mutum ba ya raba kafso da zakara sai ya rasa wanda zai raba shayi da shi. Ki riƙa zuwa wankin ciwon da kanki, ki zauna a yi miki faɗan safe. Hedimasta ya huta haka nan.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya ja kwanan zakara.