Ruwan Rijiyarmu a Butar Alhaji Ɗanlami

Zuwa ga Kaka Hajjo, tsohuwar matata,

Gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Da ma ko kina raye sai dai ki riƙe ta a juye ki ce ajamina ya karkace.

Ina nan unguwar Bronx a ƙasar waje, ina kai wa mutane abinci a keke. Labari na kawo miki, kuma na Alhaji Ɗanlami ne. Kin tuna shi ai, wanda ya shige gaban mutanen kamfanin kwal yana nuna musu gonakin Kwarin Ɗinya ɗaya bayan ɗaya. Yanzu yana da shago a titin Grand Concourse, ya tara gemu, ya naɗa kansa mai ba da tarihin garinmu.

A bakinsa, kafin kwal mu da awaki duk ɗaya ne. Wai kwal ne ya kawo mana rufin kwano da titi. Wane titi? Wanda manyan motoci suka farfashe suka tafi abinsu? Ba ya faɗin tarin da ya kashe Baffa Isa. Ba ya faɗin ramin da ya haɗiye gonar gyaɗarki. Tarihin nasa daga aljihunsa ya fara, a nan kuma ya ƙare.

To, wasu sababbi sun zo za su sake haƙa, kuma sauran kwal ɗin yana ƙarƙashin maƙabarta. Ƙarƙashinki, Kaka. Mai gari ya ce sai ya ji ta bakin 'yan garin da ke waje. Shi ne Alhaji ya tara mu gidansa ranar Lahadi, ga shinkafa ga kaji, don mu ce a tone ku a kwashe.

Ni kuwa tuni na sa Talatu 'yar Baffa ta aiko min da gora guda ta ruwan rijiyarmu ta hannun wani mai zuwa. La'asar na yi na zama yaron kirki. Na cika buta da ruwan, na durƙusa har ƙasa na miƙa wa Alhaji. Ya shiga banɗaki. Da kin ji ihu! Ya fito hannun farar rigarsa ya yi baƙi, yana tambayar wane ɗan iska ne ya zuba ƙazanta a buta, wai wannan ruwan ko alwala ba ta halatta da shi.

Na bari ya gama fatawarsa tsaf. Sannan na gaya wa dattawa ruwan rijiyarmu ne, haka yake tun bayan kwal, kuma da shi mata suka yi miki wankan gawa, don babu wani.

Ba wanda ya ƙara taɓa kaza. Malam Audu, babbanmu a nan, ya kira mai gari a waya a gaban kowa ya ce ba mu yarda ba. Alhaji ya daina amsa gaisuwata, shi ya sa nake bi ta shagonsa safe da yamma ina gaishe shi da ƙarfi.

Kullum ina ce miki zan sake ki in auri yarinya. Ƙarya nake, Kaka. Ranar da aka gaya min kin rasu, a bakin titi na ajiye keke na zauna, abincin mutane ya huce. Wa zan tsokana yanzu ya bi ni da muciya?

Ki kwanta abinki, ba mai taɓa ki. Allah ya kai haske kabarinki.

Mijinki da bai sake ki ba,
Sabo