A Raba Tanti Gida-Gida, A Sako Mini Mijina

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban kamfanin da ke rubuta porogaram ɗin rabon hatsi, unguwar Filato, Yamai.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ina kuma yi mana jajen wannan fari, Allah ya dube mu da damina mai albarka.

Sunana Fa'iza, 'yar Tasawa ce ni, aure ya kawo ni unguwar Banifandu. Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, amma ka san shi: dogon nan mai zama kusa da taga, wanda ka soke wa kwanje, wato hutun aiki. Na aiko maka da saƙo ta bakin gardinku ban ji amsa ba, shi ya sa na kawo maganar gaban jama'a. Cikina na fari ya tsufa, gidanmu zan je in haihu kamar yadda aka saba. Ya yi mini alkawari shi zai kai ni da kansa, ya zauna har a yi suna. Kai kuma ka ce babu inda za shi sai Tanti ta tashi.

Na farko, bari in gaya wa masu karatu wace ce Tanti, don ni ma na sha wahala kafin in sani. Tun farkon bazara sunanta ya shigo gidana. Tanti ta ƙi buɗewa. Tanti ta yi nauyi. Yau sai da na lallashi Tanti kafin ta amsa. Yana cin tuwo yana ambatonta, a waya ma ita ce. Ni kuwa mai karatun littattafan soyayya ce, babu irin wanda ban yi hayarsa a kasuwar Wadata ba, kuma na san yadda labari ke tafiya idan miji ya fara yawan kiran sunan wata yana ajiyar zuciya. Har na zana ta a raina: fara, mai jiki, mai mota, mai turaren da ke riga ta shiga ɗaki. Ran nan na ɗaura atamfar lefena, na zuba dambu da kopto, kwaɗon zogale, a kwano, na hau taksi zuwa biro ɗinku, wato ofis, in gan ta da idona. Da na tambayi ina Tanti take, abokan aikinsa suka bushe da dariya. Wani Bazabarme a cikinsu ya ce, "Fofo, Madam! Ga ta nan, gaishe ta, amma sai kin yi haƙuri, ba ta amsa wa kowa da wuri." Ya juyo mini da fuskar ordinatar, wato kwamfuta. Wani ɗan zobe ne kawai ke ta juyawa a tsakiyar baƙin gilashi.

Ashe Tanti fishiye ce, wato fayil guda ɗaya a cikin injin, inda aka rubuta dukan umarnin porogaram ɗinku. Wanda ya fara aikin kafin ya bar ku, komai cikinta ya zuba: lissafin buhuna, ƙa'idar wa zai samu, sunayen garuruwa da ƙauyuka na ƙasar nan kaf, layi dubu bisa dubu. Girmanta da nawarta suka sa aka raɗa mata sunan Tanti, wato gwaggo da Faransanci. Na koma gida ina cewa hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba, ranka ya daɗe. Da mace ce, da na san abin yi.

Na biyu, nawarta. Ranar Lahadi maigidana ya zo da ordinatar gida, na zauna gefensa na gani. Ya danna ta buɗe, na ɗora shinkafa, na wanke kwanoni, na sauke, ita ba ta gama miƙa ba. Da ta buɗe, in ya buga harafi ɗaya sai ya jira kafin ya bayyana. In ya nemi wata kalma a ciki, injin ya ɗau zafi, fankarsa ta yi ta huci, komai ya daskare. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin da ya gaji ya mutu, aka koma farko. Abin da ya ƙona mini rai shi ne fuskarsa. Bai yi tsaki ba. Tagumi ya yi yana kallonta da wani irin haƙuri, har yana cewa a hankali, yi dai, yi dai. Ni in na daɗe ina ɗaura kallabi, sau uku ake kirana daga bakin ƙofa.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ya bayyana mini cewa kafin porogaram ta yi aiki, akwai wani mai karatu a cikin injin da ke bin rubutun daga sama har ƙasa, yana tantance wace kalma ce umarni, wace ce suna. Kowane suna ana rufe shi tsakanin 'yan waƙafi biyu na sama, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. To garuruwanmu da yawa da nasu waƙafin suke tafe, irin su N'Konni da N'Gigmi da duk wani ƙauye mai farawa da 'Yan. Masu shigar da sunaye sun rubuta su yadda aka koya musu a lekol, makarantar boko, ba su yi laifi ba. Shi kuwa mai karatun, da ya ci karo da waƙafin, sai ya ɗauka suna ya ƙare, daga nan ya riƙa karanta suna a matsayin umarni, umarni a matsayin suna. Ba zai tsaya inda ya yi tuntuɓe ya ce ga wurin ba. Wani lokaci sai ya kai can ƙarshen fishiye sannan ya ce rubutu ya yanke ba zato. Wani lokaci ma girman ya fi ƙarfinsa, ya faɗi a hanya bai ce komai ba. Sai maigidana ya bi layi-layi yana neman abin da ya ɓata mata rai, ya gyara ɗaya, ya jira ta sake buɗewa, wani ya fito.

Na san irin wannan hali. A littattafai akwai yarinyar da ke fushi ba ta faɗin dalili, saurayi ya rame yana bin ta, kuma kullum ita marubuciya ke ba nasara. Da ina sonta. Yanzu in na zo wurinta rufe littafin nake yi. Maigidana ya taɓa ce mini cikin raha, ko sunana aka saka wa Tanti sai ta sume, saboda waƙafin da ke tsakiyarsa. Shi dariya ya yi. Ni na ji daɗi har raina.

Da, bayan la'asar, ni ke karanta masa babi ɗaya yana kwance kan tabarma yana yi wa jaruman ba'a. Littafin da muka fara tare yana nan inda muka tsaya, na ƙi ƙarasa shi ni kaɗai, mai haya har ya gaji da aike. Maƙwabciyata Hamsatu, mijinta tela ne a Wadata, kafin magariba ya dawo da ƙullin tsire, ina jin dariyarsu ta kan katanga. Ban taɓa zaton zan yi ƙyashin matar tela ba.

Kada a ce ban san nauyin aikin ba. Na sani. Kawunnaina a ƙauye rumbunansu babu komai, dabbobinsu sun zube, suna cikin masu jiran hatsin nan. Na kuma san masu kakin da suka ba ku aikin ba sa son jin kalmar gobe, ya gaya mini yadda biro ke yin tsit idan motarsu ta tsaya a ƙofa. Amma ya kawo maka shawara tun da wuri: a raba Tanti ƙanana-ƙanana, sunayen garuruwa su koma gidansu daban, lissafi daban, yadda kowane yanki zai buɗe nan take, kuskure ma a san ɗakin da yake. Ka ce babu lokacin taɓa abin da ke tsaye. Ranka ya daɗe, ba a tsaye take ba. Makonnin da aka ɓata ana jiran zoben nan ya daina juyawa sun isa a yi rabon har a huta.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka yarda a raba ta. Ka ba shi injin da ke da ƙarfi, irin wanda na hango a kan teburinka an rufe shi da ƙyalle. Sannan ka mayar masa da kwanjensa, ko rabinsa ne, abokan aikinsa su riƙe gyaran, tunda su ma sun iya dariya da Tanti.

Ungozoma a asibiti ta ce kada in wuce makon gobe ban hau mota ba, hanyar Tasawa ba ta wasa ba ce ga mai ciki irin nawa. Zan tafi, da shi ko ba shi. Amma ka sani, in ba ya nan ranar da abin ya zo, babana ne zai yi wa jaririn huɗuba a kunne, kuma ya riga ya sanar cewa in mace ce sunan yayarsa zai sa, wadda ni da ita ba ma ko gaisawa. Sunan da muka zaɓa ni da maigidana, mu biyu kaɗai muka san shi, kuma ba a aika irinsa ta waya.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa hatsin ya isa ga masu shi kafin ƙarfinsu ya ƙare, ya sa kai ma a jira ka a gida da farin ciki. Ina sauraron amsarka kafin motar Asabar.

Wassalam.

Fa'iza, Banifandu, Yamai.