Bel ɗin Injin Yana Wurina

Assalamu alaikum, ɗana Izzuddeen.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku da sanyin Kanadan nan da kake ba mu labari. Mu nan Sara lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani. An kai ni asibiti Birnin Kudu, suka ce in daina zuwa gona, na ce to, na ji. Ƙanwarka Sadiqa ce ke rubuta wannan, na kuma hana ta gyara mini magana.

Maganar injin niƙa ce. Na sani kuɗinka ne ya sayi sabon, sunanka ne a takarda, kai ka ɗora Ashiru a kai, kana duba shi ta waya daga can. Ban ce komai ba, har ranar da aka sayar da tsohon injina a kilo. Amma ka tuna rumfar nan tun tana ta kara. Kana ƙarami kake zama a kan buhu, gari ya rufe ka fari fat, uwarka, Allah ya jiƙanta, tana faɗa. Mata daga Fagam da Farin Dutse suke zuwa da ƙwarya a ka, ana hira ana dariya har la'asar. Kuma tun lokacin kowa ya sani, gidan da aka yi rasuwa ba a karɓar musu ko kwabo, kuma nasu ake fara zubawa. Ba wanda ya rubuta wannan, haka muka yi.

To, Maikuɗi ya rasu ranar Talata. Maikuɗi dai abokina, wanda muka ɗauko tsohon injin tare daga Kano a bayan motar gyaɗa. Matarsa Fatsuma ta aiko da geron sadakar uku, Ashiru ya ce ka hana niƙa kyauta sai da izininka. Ya kira ka, aka ce can dare ne, kana barci. Geron ya koma gida a ka. Ina zaune a wurin makoki ina jin matan gidan suna daka a turmi, injinmu kuma yana ta ruri yana niƙa wa masu biya. Mutane suna yi mini gaisuwa, ba mai kallon idona.

Da na tashi, rumfar na nufa. Na sa aka kashe injin, na cire bel ɗin da ke juya shi da hannuna, yana ƙarƙashin gadona. Ashiru ya ce zai gaya maka, na ce ai gara, in ka farka. Ba zan mayar ba sai ka kira shi a gabana, na ji da kunnena ka dawo da abin da ka tarar.

Ka ce ba ka da halin zuwa gida sai takardar zamanka ta fito, in ka fita yanzu ta lalace. Ban ce ka zo ba. Amma ni ma tafe nake bayan Maikuɗi, kuma ba na so geron sadakata ya tsaya a bakin rumfar da na gina ana jiran gari ya waye a ƙasar wasu.

Ka gai da matarka Hadiyya da jikana Hafiz, wanda har yau a waya kawai na san shi. Inna Mero da yayanka Nuru suna gaishe ka.

Ni ne mahaifinka,
Malam Buba Mai Inji, Sara.