Motar Baba a Kan Jak

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya ƙafa, ya kunne? Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina cewa ka warke alhali ko ƙarar babur ba ka ji. Tunda waya ba ta yi maka amfani, ga takarda.

Kawu, motar Baba ta kwanta. Ta wuce kilomita dubu ɗari huɗu da goma, kuma ka san tun rasuwarsa ni ke lallaɓa ta a tsakar gida in na taso daga koyarwa. Ita ke kai Inna wankin ƙoda Litinin da Alhamis. Makon jiya Yaya ya ɗauke ta ba sallama, ya loda mata buhunan siminti har bayanta na jan ƙasa, ya kai wurin ginin da yake aiki. Ya dawo da ita tana tafasa. Da na zaro sandar awon mai, sai na ga baƙin man ya koma kamar shayi da madara, salansa kuma sai farin hayaƙi. Na san gaskit ɗin kan injin ya ƙone. Na cire kan injin, na shimfiɗa tsohon zani, na jera notuna a faranti ɗaya bayan ɗaya yadda Baba ya koya mini.

Jiya da la'asar Yaya ya shigo ya tarar da cikin motar a buɗe. Ya ce, "Wa ya ce ki taɓa ta?"

Na ce, "Wanda ya dafa ta."

Na san bakina ne ya ja mini. Ya ɗauki babbar safana ya maka wa fitilar dama, gilashi ya watsu har ƙofar kicin. Ya yi ƙwallo da farantin notunan. Da na riƙe rigarsa, ya juyo ya zabga mini bayan hannu, zobensa ya tsaga mini leɓe, ƙeyata ta bugi bamba. Ina zaune a ƙasa ina tofar da jini, yana tsaye a kaina yana cewa shi ne babba a gidan nan, mota ta gado ce, ba ta uwar makanikai ba. Inna ta fito tana dafa bango tana kiran sunansa. Ya tsallake ta ya fita.

Har magariba ina tsintar notuna a magudanar ruwa. Biyu ban gani ba. Yau a motar haya na kai Inna asibiti, an matse ta mutum huɗu a baya, ta yi amai sau biyu kafin mu isa.

Ka faɗa mini yadda ake ɗaure kan injin, daga wane noti ake farawa. Na ga Baba ya yi sau ɗaya, amma ina ƙarama. Kada ka rubuto wa Yaya komai, zai ƙara hawa.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun sai da na ajiye tabarau. Ki gaishe da ƙanwata, ki ce mata kunnena yana jin abin da yake so.

Mu fara da mota. Kada ki mayar da kan injin haka nan. Wanda ya tafasa yakan lanƙwashe ko da ido bai gani ba. Ki kai wa masu gogewa su daidaita fuskarsa. Ki kankare tsohon gaskit tas, ki busar da ramukan notuna, kada ɗigon ruwa ya rage. Ɗauri daga tsakiya ake farawa, a riƙa tsallakawa hagu da dama ana fita waje, zagaye uku, kowane zagaye ya fi na baya ƙarfi. Mai gaggawa a nan sau biyu yake aiki. Tunda an yi mata lodin siminti, ki leƙa bututun birkin baya, a motoci masu shekarunta nan ne tsatsa ke ci. In za ki shiga ƙarƙashi, ki sa kututturen katako biyu. Jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙewa. Na binne abokin aiki saboda wannan.

Yanzu yayanki. Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Mahaifinku maigidana ne a gareji kafin ya zama surukina, kuma mutumin da kika sani ba shi na sani ba. Ke kin same shi ya tsufa ya yi laushi, yana koya miki safana yana ba ki alewa. Yayanki da bulalar fambel aka koya masa. Tabon da ke tafin hannunsa na dama, wanda aka ce muku murhu ne, ba murhu ba ne. Ya manta bai zuba wa wannan motar ruwa ba, ta tafasa a hanya, mahaifinku ya kama hannunsa ya danna a kan murfin lagireto har fata ta kama. Ina tsaye, safana a hannuna, ban ce uffan ba. Daga ranar bai sake taɓa inji ba.

Ban faɗa miki don ki yafe masa mari ba. Ƙato ne mai shekara talatin da takwas, hannunsa nasa ne. Na faɗa don ki san cewa in ya gan ki a cikin injin nan, ba ke kaɗai yake gani ba. Kada ki yi aiki yana gida. Ki kuma rage baki, ko da yake na san daga wurina kika gado.

Allah ya tsare ki, ya ba mahaifiyarki lafiya.
Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, a gadon asibiti. Ina raye, ka fara da sanin wannan.

Na bi duk abin da ka ce. Ranar Asabar da safe na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya, hayaƙi tsaf. Inna ta yi guɗa daga ɗaki. Sai na leƙa bututun birkin baya, na tarar yana tsiyaya kamar yadda ka zata. Na ɗaga ta, na cire tayar baya, na sa katako. Ɗaya kawai na samu a gidan, ɗayan an faskara. Na shiga ƙarƙashi, na canza bututun, saura in fitar da iska.

Ƙafafun Yaya na fara gani. Ya ji ƙarar injin ne daga waje. Ya ce, "Ba ni makulli."

Na ce, "Yaya, babu birki. Ka ba ni awa ɗaya."

Wallahi Kawu ban yi baki ba, haka kawai na faɗa. Ya ce ƙarya nake, so nake in nuna wa unguwa cewa sai da izinina zai hau motar ubansa. Ya kama idon sawuna ya fizgo ni, bayana ya goge siminti, kaina ya bugi salansa. Na riƙe ƙarfen ƙasa na harbe shi a gwiwa. Ya sake ni. Na ga ƙafarsa ta ja baya. Na zaci ni zai shura. Jak ɗin ya shura.

Ban ji ƙara ba, nauyi na ji. Katakon ya tare gefe ɗaya, shi ya sa ƙirjina bai fashe ba, amma ƙarfen da taya ke zama a kai ya sauka a damtsena na dama. Na ji ƙashin ya karye kamar rake. Man birki yana zuba a idona, na buɗe baki ihu ya ƙi fita.

Sauran labarin, maƙwabcinmu mai walda ne ya ba ni, shi ya hauro katanga da ya ji ihun Inna. Ya ce ya tarar Yaya yana tsaye kamar gunki, Inna kuma, matar da ba ta iya ɗaga buta, ta ɗauki sandar jak da hannu biyu ta sauke masa a goshi. Jini ya rufe masa fuska. Sai a lokacin ya motsa. Ya durƙusa ya sa kafaɗa a ƙarƙashin motar ya ɗaga yana gurnani, mai walda ya jawo ni. Suka maida tayar da noti biyu, suka kwantar da ni a kujerar baya.

Yaya ne ya tuƙa, a motar da na ce masa ba birki. Da canjin giya da birkin hannu ya kawo mu, yana share jini da hannun riga, mai walda ya fito da rabin jikinsa ta taga yana korar mutane. A ƙofar asibiti birkin hannu ya ƙi, muka daki ginshiƙi. Lagireto ya fashe, haƙoran Yaya biyu suka zube a kan sitiyari.

An sa mini ƙarfe a hannu. Likita ya ce yatsu uku suna motsi, biyu sai an jira. Mai walda ya faɗa wa 'yan sanda abin da ya gani, sun tafi da Yaya bayan an ɗinke shi. Yanzu Inna tana zaune a gefena tana kuka, tana roƙona in ce jak ne ya zame da kansa. Ta ce ɗanta ne, kuma ita ma ta fasa masa kai, ai an yi ɗaya ɗaya. Jibi za su dawo ɗaukar bayanina.

Kawu, me zan ce?

Auta

*

Kawu,

Salamu alaikum. Ni ne. Wani ɗan sanda ya ba ni takarda da biro. Ban iya dogon rubutu ba, kuma bakina a kumbure yake, ko magana ba na yi sosai.

Na san an faɗa maka. Inna ta zo jiya ta ce in ce ban taɓa jak ba. Na taɓa. Ba tuntuɓe na yi ba, na duba shi, na auna, na shura. A wannan lokacin so nake motar ta faɗo. Ban yi tunanin Auta ba ce a ƙasa. Ko kuma na yi, ban sani ba. Na ji injin ya tashi lafiya lau a hannunta. Shekara ashirin da shida ina jin warin motar nan a hannuna.

Kana wurin ranar da Baba ya ƙona ni, Kawu. Na dube ka. Kai ka duba ƙasa. Ban taɓa tambayarka ba, yanzu ma ba tambaya nake ba.

Da na ɗaga motar na ga hannunta ya juya inda hannu ba ya juyawa. Ita ce a da nake goyawa in kai ta makaranta. Tun da aka kawo ni nan, in na rufe ido shi nake gani.

Kada ka roƙe ta a kaina. Ka ce mata kawai tayar baya noti biyu ke riƙe da ita, kada wani ya ja motar haka. Ka ce wa mai walda ya riƙa raka Inna asibiti.

Ɗanka

*

'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki da ta yayanki rana ɗaya suka iso. Ga tasa na haɗo miki, ki karanta da kanki, ban goge ko harafi ba.

Kin tambaye ni me za ki ce. Ni na taɓa ganin abu da idona na yi shiru don a zauna lafiya, kin ga irin zaman lafiyar da aka samu. Ba zan ce ki bi sawuna ba. Mahaifiyarki za ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Na shirya jaka, ranar Laraba ina hanya. Zan zauna da ku har hannun ya haɗu. Ba na ji, amma ina iya taka birki kina fitar da iska.

Allah ya ba ki lafiya.
Kawunki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta takardar da ka aika wa Kawu.

'Yan sanda sun zo, na faɗa musu yadda aka yi. Na ce ka shuri jak da gangan. Na ce kai ka ɗaga motar da kafaɗarka, kai ka kawo ni asibiti jini yana rufe maka ido. Sun rubuta duka biyun. Abin da alƙali zai yi da su ban sani ba.

In ka fito, ba gidan nan za ka dawo ba. Inna za ta riƙa zuwa inda kake, ni zan kawo ta in jira a waje. Yatsa na huɗu ya motsa jiya. Ƙaramin har yanzu shiru.

An ce abinci mai tauri ba ya ciwuwa da bakinka, mai walda zai kawo maka mai ruwa-ruwa gobe.

Inna ta ce a gaishe ka. Ni ban kai nan ba tukuna.

Ƙanwarka